Neman Zarton Baba Har Kwatano

Tun da na dawo ban zauna a teburin mai shayi na sha kofi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Sagiru, wai da gaske har Kwatano ka je?" Wancan ya ce, "An ce mata ke tuƙa babur a can." Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji ana cewa wai jirgin ruwa na hau. To, ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, ban musa ba, amma ni ciwon baya ta fara buɗe mini.

Ga wanda bai san ni ba, kafinta ne ni a nan Dutse, kuma shagon da nake ciki na mahaifina ne. Baba ya zo daga Miga yana saurayi da akwatin kayan aiki a ka, ya kafa rumfa tun garin bai cika haka ba. Bahago ne. Da dama yake cin abinci, don ya sha duka a kan haka yana yaro, amma zarto da guduma da hagu yake riƙewa, kuma a da in ya yanka katako ba sai an bi da gyara ba.

Shekarun baya hannun ya fara rawa. Sai kuma ga katakon zamani ya shigo, mai faɗin nan mai sheƙi da ake wadirob da kabad ɗin kicin da shi, wanda ba ya yafe kuskure. In zarto ya kauce kaɗan, bakin ya tsattsage, falle guda ya tafi. Ranar da Baba ya ɓata falle biyu a jere a gaban mai aikin, sai ya tsayar da aiki. Ya ajiye zarton, ya fita ya zauna a gindin mainar da ke ƙofar shago, kuma tun daga nan can ne mazauninsa. Daga baya ya ɗaure tsohon akwatinsa da igiya, ya ce in an shigar da dawa, Kawu, ƙaninsa, zai zo ya tafi da shi Miga ya huta. Ni kuwa na san mahaifina. Mutumin da ko ranar sallah sai ya leƙa shago, in aka zaunar da shi a zaure yana kallon awaki, ba zai ga damina biyu ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Ana cikin haka na tsinci layin zarto a kasuwar Shuwarin, wajen wani mai gwanjo da ya ɗauka ƙarfen taga ne. Na taɓa ganin irinsa a waya. Dogon alminiyam ne, in na tsayar da shi ya kai mini ƙirji. Akan shimfiɗa shi a kan katako, zarton lantarki mai faifai ya hau kansa ya bi wani ɗan tudu da ya miƙe daga farko zuwa ƙarshe, ba ya iya kaucewa ko da hannun mai turawa yana rawa. A bakinsa akwai baƙar roba siririya. Yankan farko shi ke aske robar daidai da haƙoran zarton, daga nan layin ya zama na wannan zarton, ba a mayar da abin da aka aske. Nawa robarsa sabuwa ce fil, ba a taɓa ta ba. Matsalar ita ce ba kowane zarto ke hawa ba, sai wanda aka yi wa tsagi a gindi daidai da tudun. Na zagaye Kano ban samu ba, aka ce sai Legas, wadda su Baba ke kira Ikko.

Da na nuna wa Baba, kallo ɗaya ya yi wa layin.

"Ɗan jagora ka samo mini ke nan, kamar makaho."

Na ce, "Baba, ai ko tela da tef yake aiki."

"Tela ba ya zuwa Ikko neman tef. Ka zauna ka yi wa mutane aikinsu."

Ban zauna ba. Binta, maiɗakina, ta ba ni tsohon zanenta na naɗe layin, na sake naɗewa da tabarma na ɗaure. Dole in tafi da shi, don tsagin da za a gwada ba abin da za a auna da kara a sa a aljihu ba ne.

Tun a tashar Dutse rigima ta fara. Direban ƙaramar bas ya ce a ɗora shi a sama, sannan a jera buhunan riɗi a kai. Na ce in ya lanƙwashe ko da kaurin farce ne ya zama ƙarfen taga da gaske. A ƙarshe na shiga da shi ciki, ƙasansa a tsakanin ƙafafuna, kansa a bisa kafaɗun mutanen baya. Wata tsohuwa da ya tokare wa ɗankwali ta yi haƙuri har Wudil, sannan ta ce, "Ɗan nan, Allah dai ya sa ba mutum ka naɗe ba." Aka yi ta dariya, ban da ni.

A Kano yaron babbar mota ya ce ko dai a jefa shi cikin kaya ko in saya masa kujera. Na ce zan rungume shi. Haka na rungume shi har Legas, in na fara gyangyaɗi ya ƙwale ni a goshi. Maƙwabcina a kujera wani dattijo ne, Malam Buba, Bafillatanin Taura, dillalin shanu. Yakan loda dabbobinsa a tirela, shi kuma ya biyo su a bas. Ba shi da yawan magana. Ya saurari labarina duka yana ɓantarar goro, sannan ya ce, "Mu dai sanda ɗaya ke kiwon garke guda, ba mu taɓa zuwa kurmi nemo mata miji ba." Amma ya miƙo mini dambun namansa, kuma duk inda aka tsaya salla shi ke riƙe mini layin in yi alwala.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne shingaye. Duk mai kakin da ya leƙo ya ga doguwar tabarma a ɗaure sai ya ce in sauko in kwance. In kwance igiya, in warware tabarma, in warware zanen Binta a gaban jama'a, in yi bayani, in sake naɗewa, fasinjoji suna ta tsaki. Bayan mun wuce Jebba muka gamu da wani da bai gamsu da bayani ba. Ya sa farce a ƙarƙashin robar ya fara ɓamɓarowa, wai ya ga abin da na ɓoye. Na yi ta roƙonsa, bai ko dube ni ba. Sai Malam Buba ya sauko a hankali, ya gyara hularsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi a hankali, maganin wani tsoho ne." Ashe mutumin yana jin Hausa. Ya dubi furfurar Malam Buba, ya dubi layin, ya sakar mini. Na manne gefen robar da yatsa, na riƙe wurin har muka yi nisa.

A Legas Malam Buba ya sauke ni wajen mutanensa a Agege, ɗaki ɗaya mu da yawa, ƙofa a buɗe saboda zafi, sauro kuma kamar an aiko su. Garin nan ba ya amsa sallama. A Dutse in ka tsaida mutum ka tambaye shi hanya, sai kun gama gaisuwa har ya tambayi mutanen gida, wataƙila ma ya raka ka. A can kafin ka ce "don Allah" mutum ya sha kwana. Na ci wani baƙin tuwo mai santsi da miyar da ta sa ni hawaye, mai abincin tana kallona tana dariya, ta ƙaro mini ruwa.

Kasuwar kayan aiki kuwa, kowane zarto a bakin mai shi yana hawa layina. Wani ɗan kasuwa da ya yi zaman Sabon Gari ya tare ni da Hausarsa.

"Aboki, wannan shi ne. Ka ɗora ka gani."

Na ɗora, zarton yana lilo hagu da dama.

"Ƙaramin abu ne. Ka cusa takarda a wurin."

Na samu ɗaya da ya zauna daram, har na fara hamdala, sai na duba jikinsa na ga na wutar Amurka ne, wanda in ka jona shi a tamu sai hayaƙi. Na yi yawo har ƙafata ta kumbura. Wani tsohon mai shago ne ya ji tausayina, ya ce irin wannan layin mutanen Turai ke aiki da shi, in tsallaka Kwatano inda ake sauke gwanjonsu. Da na kira gida Binta ta ce an gama yankan gero, Kawu ya aiko cewa dawa ma ta kusa. Na zauna a bakin wani kanti da layin a cinyata, na ji kamar in koma tasha. Amma in koma in ce wa Baba me? Washegari na yi sallama da Malam Buba na kama hanyar boda.

Hanyar Badagiri ba zan yi dogon bayaninta ba, don kafin ka gama ɗaure tabarma an sake cewa ka kwance. A ƙarshe na daina ɗaurewa. A boda aka tambaye ni katin rigakafi, ni kuwa ban taɓa jin labarinsa ba. Aka nuna mini wani ɗaki aka yi mini allura, kuma a dantsen da nake rungumar layin da shi aka yi. Na canji kuɗina zuwa sefa, na tsallaka, nan take kunnena ya zama ado, don Faransanci kawai ake yi. 'Yan acaɓarsu duk rigar ɗorawa suke sawa. Na hau bayan ɗaya na tsayar da layin, iskar teku tana tura shi tana neman kayar da mu, mutumin yana ta faɗa da yaren da ban ji ba. Kalma ɗaya na iya faɗa masa, Zango.

A Zango, unguwar Hausawa, aka kai ni wajen wani fatoma, Alhaji Mamman, mai saukar baƙi 'yan Arewa. Da ya ji na ce Jigawa sai ya kama hannuna ya ƙi saki. Kakansa mutumin Kafin Hausa ne, fatauci ya kawo shi, shi kuwa Alhaji bai taɓa taka garin ba. Hausarsa ta gauraya da Faransanci, sai na kasa kunne sosai. Ya ce kakansa yakan ba da labarin wata babbar kuka a bakin kasuwa, ko tana nan? Na sha wucewa ta Kafin Hausa, kuka kuwa ba ɗaya ba ce a ƙasarmu. Na ce tana nan, Alhaji. Ya yi murmushi ya ce a kawo mini abinci.

Abincin kafa ce, wato daskararren kamun masara, da soyayyen kifi da barkono, da safe kuma wani dogon burodi mai tauri da suke saƙalewa a hammata ba leda ba takarda. Ba laifi, amma na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har na yi mafarkinsa. Gumi a garin nan ba ya bushewa, riga in ka wanke sai ta wuni tana ɗanshi. Maganar mata da babur gaskiya ce, na ga mai goyo tana tuƙi da kwandon kifi a gaba. Da rana ta take kuma wasu sai su ja ƙofar shago su kwanta abinsu, ko da mai saye yana tsaye. A Dutse wanda ya yi haka sai a ce an yi masa asiri.

Alhaji da kansa ya raka ni, shi ne tafintana. Ya kai ni wani shago cike da injuna har rufi, na tsaya ina neman maigidan. Ashe matar da ke zaune a ƙofa tana cin gyaɗa ita ce mai shagon, Maman Kojo ake ce mata. Ta karɓi layin, ta ɗaga shi ta kanne ido ɗaya ta duba miƙewarsa, ta shafa tudun da yatsa, ta shiga ciki ta fito da zarto uku. Duka ukun suka zauna daram. Bayan duk abin da na sha, sai da na nemi wuri na zauna.

Na farkon babba ne, kusan sabo, irin wanda zai ratsa katako mai kauri ba tare da ya canja murya ba. Raina ya biya ƙwarai. Da don kaina na zo, da shi zan ɗauka in yi ta fama da ƙaramin janaretanmu. Amma na sa hannun hagu na kama shi, na sassauta yatsuna, na sa hannun yana rawa yadda na Baba ke yi, na gwada turawa. Haka na yi wa na biyu. Maman Kojo ta daina cin gyaɗarta, ta yi wa Alhaji magana.

Alhaji ya ce, "Wai tana tambaya ko ba ka da lafiya ne. Ta ce ɗazu da dama ka karɓi ruwa, kuma hannunka lafiya lau."

Na ba su labarin Baba, Alhaji yana juyawa. Ta ɗauke babban ta mayar ciki, ta ce ya yi wa tsoho nauyi. Ta ɗauke na biyun ma, ta nuna mini dalili: kafin ya tashi sai an danna wani ɗan maɓalli, shi kuma a gefe yake, inda babban yatsan dama kaɗai ke kaiwa. Na ukun ƙarami ne, fentinsa duk ya goge, ba wanda zai dube shi sau biyu. Amma maɓallinsa a sama yake, kowane hannu ya same shi, kuma sifirin da ake dannawa faifan ya sauka yana da laushi. Ta murɗa wasu ƙananan dunƙule biyu a gindinsa har ya daina motsi a kan tudun, ta sa masa faifai mai ƙananan haƙora saboda katako mai sheƙi. Ta jona shi ya yi kuka lafiya. Sannan ta jawo wani guntun katako, ta shimfiɗa layina a kai, ta ɗora zarton za ta yanka.

Na dafe layin da hannu biyu na ce a'a.

A shagonmu akwai ƙa'idar da Baba ya kafa tun kafin a haife ni, shi ma a wajen maigidansa ya gada. Duk ƙarfen da ya shigo shago, ko kurfi ne ko zarto, babba ne ke buɗe masa baki. Shi zai yi bisimilla ya yi yankan farko, sannan kowa ya taɓa. Na sha rankwashi a kan wannan ina yaro. Yankan da zai aske robar nan shi ne buɗe bakin, kuma sau ɗaya ake yinsa.

Alhaji ya ce, "Ɗana, wannan cinikin biri a sama ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta ce in ba a yanka a kan layin ba, ba za ta rantse maka haƙoran sun daidaita da bakinsa ba, kuma in ka fita da shi ba a dawowa."

Na ce, "Alhaji, in na kai masa abin da aka riga aka buɗe, zai ce in je in yi aikina da shi. In na kai masa a rufe, dokarsa ce, ba zai iya ƙi ba."

Da aka juya wa Maman Kojo sai ta dube ni. Ta ce su a nan in uba ya tsufa rediyo ake saya masa da kujera mai laushi. Sannan ta zare wayar daga wuta, ta shiga ciki ta ɗauko wasu ƙarafa biyu na matse layi a jikin katako, ta jefa cikin kwalin, ta ce gyara ce. Ni a sanina gyaɗa da tumatir ake yi wa gyara.

Dawowa ta fi tafiya wuya, don yanzu kaya biyu ne, ga kuma zullumi. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ce shi ke nan, wani abu ya goce. Duk shingen da aka tsaya sai in rufe robar da tafin hannu. Daga Kano zuwa Dutse na ga an fara karya dawa a gonaki, ban ji daɗin ganin ba. Na iso gida ƙafafuna kamar ba nawa ba, Binta ta karɓi zanenta ta dube shi ta ce ya zama tsumma.

Da safe na tarar da Baba a gindin maina, akwatinsa a ɗaure a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "An dawo? Aka ce har ƙasar Faransa ka kai." Na shiga na shimfiɗa sabon falle a kan benci, na ɗora layin na matse shi, na ɗora zarton, na tayar da janareta. Sannan na koma na sake durƙusawa.

"Baba, ba a buɗe masa baki ba."

"Ba ka gwada ba?"

"Ban gwada ba."

"Ka ɗauko abu tun daga bakin teku ba ka gwada ba? Wane irin kafinta na haifa?"

"Ai ba ni ne babba ba."

Ya juya yana kallon titi. Na ɗauka zai ce in tashi in ba shi wuri. Can sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga shagon da ya yi watanni bai taka ba. Ya zagaya bencin, ya shafa robar, ya kama zarton da hagu, babban yatsansa ya faɗa kan maɓallin kamar ya san da shi. Hannun yana rawa har gwiwar hannu, ina gani. Ya yi bisimilla, ya danna, ya tura. Zarton ya bi layin tun daga wannan baki har wancan, wani siririn zaren baƙar roba yana faɗowa ƙasa tare da garin katako.

Ya ɗaga layin ya duba. Ya bi bakin yankan da yatsa, ya sake bi, ya ɗaga guntun ya kanne ido ya hango tsawonsa. Ko tsaga ɗaya babu. Ni dai na juya ina gyaran abin da bai lalace ba a jikin janareta, don kada ya ga idona.

Ya ce, "Hannun fa yana nan yana rawarsa."

Na ce, "Yana nan, Baba."

"To, ya yi ta yi. Miƙo ɗaya fallen."

Da Kawu ya zo da mota bayan an shigar da dawa, a bakin benci ya same shi, fensir a bayan kunne. Baba ya ce ya gai da mutanen Miga, ya ce musu aiki ya yi yawa. Igiyar akwatin ma ni na ɗauka na ɗaure tabarma da ita.

Masu tambaya ko zarton yana da daɗin aiki kuwa, sai dai ku je shago ku tambayi mai shi. Ni da na rungumo layin har Kwatano na dawo, har yau aikina riƙe katako ne da zuba wa janareta mai. Baba ya ce hannuna bai nuna ba tukuna.